Ɗan Wane Ne? Waiwaye Kan Jaruman Katun ɗin Japan a Bakin Iyakar Illela

Tsakanin Illela da Birnin Ƙonni tafiyar 'yan mintoci ce a kan kabu-kabu. Mutum kan karya kumallo a wannan gefe, ya yi azahar a wancan, ya dawo gida kafin la'asar da sefa a aljihu ɗaya, naira a ɗayan. Ran Lahadi kasuwar Illela ke ci, shanu da raƙuma da tumaki na gangarowa daga arewa. Harshe ɗaya ne, alƙibla ɗaya, auratayya tun kaka da kakanni. Duk da haka a tsakiyar wannan 'yar tafiya akwai inda za a tsayar da kai a tambaye ka ɗan ina ne, kuma amsarka ce za ta yanke ko ka wuce ko ka juya. Yaron da ya tashi a irin wannan wuri ya san tun da wuri cewa zama ɗan gari abu ne da wasu ke da ikon ba ka ko su hana ka. Shi ya sa nake ganin ya kamata a waiwayi yadda katun ɗin Japan ya shigo wannan yanki, da yadda matasa suka riƙa fahimtar jarumansa, musamman wani yaro mai suna Naruto.

Shi layin iyakar ba tsoho ba ne. A Maratta aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, kusa da Galmi, cikin ƙasar da yau ake kira Nijar. A Degel ya yi zaman karantarwa, wadda yau ke cikin jihar Sakkwato. Bai ƙetare iyakar kowa ba tsakanin biyun, duk ƙasar Gobir ce. A 1898 Ingila da Faransa suka zauna a Faris suka zana da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, suka ce abin da ke ciki na Ingila ne. A wannan rabon Ƙonni ciki ta faɗo, amma hakan bai hana sojojin Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine auka mata ba a watan Mayu na 1899, suka yi kisan da har yau ake tunawa. Daga baya Faransawa suka koka cewa hanyar da aka bar musu daga Kwara zuwa Damagaram ba ta da rijiyoyi, sai aka sake zama a 1904 da 1906 aka janyo layin kudu. Daga 1906 zuwa 1908 tawagar haɗin gwiwa, Tilho a ɓangaren Faransa, O'Shee a na Ingila, ta bi daji tana kafa alamomi. Ƙishirwar ayarin sojan Faransa ce ta mai da ɗan Ƙonni ɗan wata ƙasa, ɗan'uwansa na Illela ɗan wata.

Tun kafin akwatin talabijin ya iso, kunnen Bahaushe ya saba da labarin wanda aka ƙi. Tatsuniya cike take da marainiya da 'yar bora, wadda kishiyar uwa ke aikawa rafi mai nisa don ta hallaka, sai ta dawo da dukiya. Bayajida baƙo ne da ya kashe macijin rijiyar Kusugu, Daura ta ba shi sarauniyarta. Amma labarin bai bar shi a baƙo kawai ba, sai da ya tabbatar mana cewa tun can ɗan sarkin Bagadaza ne. Sai finafinan Indiya, waɗanda Kwarori masu gidajen silima suka fara kawowa Arewa tun wajen shekarun 1950 da 1960. A Yaadon Ki Baaraat na 1973 da Amar Akbar Anthony na 1977, 'yan'uwa ne suka rabu suna yara, kowa ya tashi a hannun wani, a ƙarshe aka gano juna. A finafinai irinsu da yawa waƙa ce, ko laya, ko tabo, ke tona asali. Darasin da mai kallo ya haddace shi ne cewa wulaƙancin da aka yi wa jarumi kuskure ne, don ashe ɗan gida ne, sau da yawa ma ɗan babban gida. Ba a cika tambayar abin da zai faru ba in da gaske ba ɗan kowa ba ne. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933, Adamu Halilu kuma ya mai da shi fim a 1976, shi ne ya ɗan kauce: yaron da aka sace aka ƙetara Sahara da shi, ilimi ne ya ba shi matsayi, ba jini ba.

Katun ɗin Japan ya shigo ta ƙofa uku, ba a ma san na Japan ba ne. Ta kudu, tashoshin NTA sun nuna Voltron a shekarun 1980, zakuna biyar na ƙarfe da ke haɗuwa su zama ƙato guda. Amurkawa ne suka ɗauko shi daga wani shirin Japan na 1981 suka sake masa suna da murya. Ta arewa, Faransa ce ta fara kamuwa, da Goldorak a 1978, sannan shirin yara na Club Dorothée a tashar TF1 daga 1987 zuwa 1997, kuma abin da ya karɓu a Faris ba ya daɗewa bai gangaro biranen da ke jin Faransanci ba, a kaset ko ta satalayit. Ƙofa ta uku ta gabas ce, kuma ita ta fi faɗi a ƙasar Hausa. Da aka fara kafa kwanon satalayit mai kama tashoshin Larabawa kyauta, sai Spacetoon, da ta fara a 2000, da MBC3, da ta biyo a 2004, suka shiga ɗakuna. Iyaye ba su cika damuwa ba tunda Larabci ake yi. Yara da dama sun girma suna ɗauka Kaftin Majid Balarabe ne, alhali Tsubasa ne, ɗan Japan. In ka cire matuƙin Goldorak, wanda shi ma ɗan sarki ne da aka rusa duniyarsu ya zo ya ɓuya a gonar dawaki, jaruman wancan lokaci ba su da wani ciwo a rai. Bos ya zo, a haɗu a kore shi. Gardamar masu kallo ba ta wuce wa ya fi wa ƙarfi ba.

Goku na Dragon Ball, wanda Akira Toriyama ya zana daga 1984 zuwa 1995, shi ya fara kawo tambayar asali tsakar gida. Wani tsoho ya tsince shi yana jariri a daji ya raine shi. Sai da ya girma ya haihu, yayansa Raditz ya sauko daga sararin samaniya ya gaya masa cewa shi ba ɗan wannan duniya ba ne, sunansa na yanka Kakarot, kuma an turo shi ne ya hallaka mutanen da ke cikinta. Goku bai kwana yana saƙe-saƙe ba. Ya ce inda ya tashi nan ne gidansa, ya koma dambe. Abin ya burge, amma bai taɓa zuciya sosai ba, domin ba wanda ya taɓa ƙin Goku. Shi ya zaɓi gari, gari kuma bai taɓa juya masa baya ba.

Naruto ya fara fitowa a mujallar Weekly Shonen Jump a 1999, daga alƙalamin Masashi Kishimoto, ya kai 2014 kafin ya ƙare a babi na 700, cikin littafi 72. An mai da shi katun a 2002: kashi 220 na farko, sannan 500 na Shippuden daga 2007 zuwa 2017. Labari mai tsawon kashi 720 ba ya bin talabijin a garin da wuta ke zuwa lokacin da ta ga dama. Faifai ne suka ɗauko shi, irin waɗanda ake cusa kashi ashirin ko talatin a guda, daga kasuwar Alaba ta Ikko zuwa Kano zuwa Sakkwato. Bayan wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, ta kuma rikiɗe ta zama mai nuna hoto, sai sana'ar masu tura finafinai ta kafu a rumfunan cajin waya: ka miƙa memori, a loda maka. A bakin iyaka, inda mutum kan riƙe layin waya biyu, abin da aka loda a Ƙonni da rubutun Faransanci a ƙasa kan kwana a Illela, na Illela mai Turanci ya kwana a Ƙonni. Wanda ya iya karanta rubutun shi ke bayani, sauran su saurara. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin mai bayani ba ya maimaita abin da ɗan Japan ya rubuta. Da abin da ya sani a unguwarsu yake cike gurbi.

Ga abin da yake bayyanawa. A daren da aka haifi Naruto wani dodo mai siffar yanyawa, mai wutsiya tara, ya auka wa garin Konoha ya kashe mutane. Shugaban garin, wanda suke kira Hokage, ya ba da ransa ya ɗaure dodon a cikin cikin jaririn. Aka kafa doka cewa kada kowa ya faɗi wannan magana. Manya suka yi shiru da baki, amma idonsu bai yi shiru ba, 'ya'yansu kuma suka gaji kallon ba tare da sun san dalili ba. Yaro ya tashi shi kaɗai a ɗaki, ba uwa ba uba, yana shafa wa gumakan shugabanni fenti don ko da zagi ne a ambaci sunansa.

Ba Bahaushen da zai ji wannan bai tuna maita ba. Camfin nan da ke cewa wani na da ƙanƙara a ciki, a nono ya sha ta, ba da zaɓinsa ba. Uwar da ke janye ɗanta daga wasa da wani yaro ba ta faɗi dalili ba. Auren da ake warwarewa bayan an aika bincike aka dawo da raɗa. Hatimin Naruto a kan cibiyarsa yake, kuma daga baya labarin ya nuna cewa uwarsa ce ke ɗauke da dodon kafin shi. Kishimoto bai san ƙasar Hausa ba, amma ya zana yadda ƙazafi ke aiki daidai: ba a tuhumarka a fili balle ka kare kanka, sai dai ka ga tabarma na naɗewa duk inda ka doso. Na san gidajen da wannan raɗa ta hana 'ya'yansu aure, kuma ban taɓa ganin wanda ya kawo hujja ba. Karatun farko da masu kallo suka yi wa Naruto ke nan, karatun tausayi. Wasu kuma, da suka ga yadda dodon ke hawa kansa in ya fusata, muryarsa ta sauya, idonsa ya rine, sai suka ce ai wannan mai iska ne. A nan ne wasu iyaye da malamai suka fara ɗaure fuska, ganin ana ƙulla yatsu ana kiran ruhohi, daga baya har da tayar da matattu. Ƙorafinsu na da tushe, kuma ba na raina shi. Sai dai ba tsafin ne ya riƙe yaran ba.

Abin da ya riƙe su yana cikin kashi na farko. Wani malami munafuki, Mizuki, ya yaudari Naruto ya sato kundin sirri, sannan ya fasa masa ƙwai: kai ne dodon da ya kashe iyayen malaminka Iruka. Gaskiya ne, dodon ne ya mai da Iruka maraya. Amma Iruka ya tare makami da bayansa ya kare yaron, ya shaida cewa wannan ɗalibinsa ne, ɗan garin Konoha, ba dodo ba, sannan ya kwance ɗaurin goshinsa mai tambarin gari ya ɗaura masa. Lokacin da Iruka ya yi wannan shaida Naruto bai ceci kowa ba. Daƙiƙi ne da ya sha faɗuwa jarrabawa, ba wanda ke maganar ubansa. Mutum guda da ya fi kowa dalilin ƙinsa shi ya fara karɓarsa, ba don ya amfane shi da komai ba. A ganina duk sauran kashi ɗari bakwai da ɗoriya ba su kai wannan nauyi ba. Mu da aka karantar da mu haƙƙin maraya tun muna riƙe da allo, aka kuma gaya mana ba a ɗora wa wani laifin wani, ya kamata mu fi kowa gane Iruka.

Daga nan ra'ayi ya fara rabuwa, domin Kishimoto ya riƙa kawo wa jaruminsa yaran da ke da ciwo irin nasa. Gaara ɗan garin Yashi ne, cikin hamada, inda iska ke ɗaukar ƙura kamar hunturun Tawa, kuma shi ma da dodo a jikinsa. Bambancin shi ne Gaara ɗan shugaban garinsu ne, kowa ya san ubansa, amma uban ne da kansa ya riƙa tura masu kashe shi, har da kawunsa da ya raine shi. Bai samu Iruka ba, sai ya zama makashi. Masu son Gaara, kuma suna da yawa, kan ce wannan ne Naruto na gaskiya, wanda bai yi sa'ar malami ba. Maganarsu na da ƙarfi, kuma tana karya zaton cewa asali kaɗai na kare yaro.

Neji ya fi ba ni tsoro. Zuriyarsu ta Hyuga kashi biyu ce, gidan sama da gidan ƙasa. Ubansa da baffansa tagwaye ne, wanda ya riga faɗowa ya zama mai gida, ɗayan da 'ya'yansa suka zama masu hidima. Ana buga wa ɗan gidan ƙasa hatimi a goshi tun yana ƙarami, wanda 'yan gidan sama ke iya azabtar da shi da shi, kuma ba ya gogewa sai da mutuwa. Neji ya yanke ƙauna, ya ce kowa da abin da aka haife shi a kai. Naruto ya kayar da shi a gaban jama'a ya yi alkawarin sauya wannan tsari. A wannan yanki hatimin goshi ba tatsuniya ba ce. Hadizatu Mani tana da shekara 12 aka sayar da ita a 1996 a matsayin wahaya. Nijar ta mai da bauta laifi a dokarta a 2003, an ba ta takardar 'yanci a 2005, amma da ta auri wanda take so sai shari'a ta bi ta kotunan Ƙonni har aka ɗaure ta da sunan ta yi aure kan aure. Sai ran 27 ga Oktoba 2008 kotun ECOWAS ta yanke cewa gwamnatin Nijar ta gaza kare ta daga bauta, ta umarce ta ta biya ta diyyar sefa miliyan 10. Ƙungiyar Timidria ce ta tsaya mata. Wannan ya faru ne a daidai shekarun da faifan Naruto ke yawo a kasuwanni, 'yan kilomitoci daga Illela. Har yau akwai gidajen da in za a yi aure ake tambaya ko ɗiya ne. Yaron da ya san an taɓa yi wa gidansu wannan tambaya ba kallon nishaɗi yake yi wa Neji ba.

Sai labarin ya juya. Ashe shugaban da ya ɗaure dodon, Minato, shi ne uban Naruto. Ashe uwarsa, Kushina, 'yar zuriyar Uzumaki ce, masu dangantaka da gidan da ya kafa garin. Can gaba ma aka ce shi magajin ruhin Ashura ne, ɗan wanda ya assasa wannan fasaha tun fil azal. Masu kallo a ko'ina cikin duniya sun rabu a kan wannan, kuma a majalisun shayi na Nijeriya da fadojin samari na Nijar rabuwar ta ɗauki kamannin gida. Ɓangare ɗaya ya ji daɗi: ai dama, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, juriya irin wannan sai ɗan asali. Waɗannan su ne jikokin masu kallon Amar Akbar Anthony, an ba su abin da suka saba jira. Ɗaya ɓangaren ya ji an yaudare shi. Suka ce to ashe Neji ne mai gaskiya. An tara mu shekaru ana ce mana ƙoƙari na kai ɗan talaka, ashe ɗan sarki muke wa tafi. Abin da ya ƙara musu takaici, a yaƙin ƙarshe Neji ya mutu ne yana kare Naruto da Hinata, 'yar gidan sama, wato aikin da aka buga masa hatimi dominsa. Da yawa daga cikinsu suka koma wa Rock Lee, wanda ba baiwa ba gado, sai atisaye da gumi.

Ina tare da ɓangare na biyu, amma ba duka ba. Gadon da Naruto ya samu bai ba shi ko kwanon taliya ba lokacin da yake jin yunwa. Mai shagon Ichiraku ne ya ba shi. Kuma uban nan da ake taƙama da shi shi ne ya ɗora masa nauyin, shi ya sa da suka haɗu Naruto ya fara kai masa naushi kafin komai. Sai dai ba zan ɓoye ba, marubucin ya ja da baya. Ya buɗe ƙofar da tatsuniyoyinmu ba su cika buɗewa ba, ta yaron da ba ɗan kowa ba, sannan ya rufe ta da irin makullin da aka rufe ta Bayajida.

Akwai gardama ta biyu, wadda na fi jin zafinta. Bayan wani maƙiyi mai suna Pain ya rusa Konoha, Naruto ya kayar da shi, mutanen gari suka fito suna ɗaga shi sama suna kiransa gwarzo. Yara kan yi ƙwalla a wannan wuri. Waɗanda suka girma suka sake kallo sukan tambaya: ina mutanen nan suke lokacin da yake zaune shi kaɗai a kan lilo, ana yaye 'yan ajinsu, iyaye na rungumar 'ya'yansu? Ina Hokage na uku, shugaban garin a lokacin, wanda ya san ko ɗan wane ne, ya bar shi a ɗakin haya da madarar da ta lalace? Labarin bai nuna gari ya taru ya nemi gafararsa ba. Sun karɓe shi ne ranar da suka ga amfaninsa. Masu kare garin kan ce tsoro ne ya sa su, sun rasa 'yan'uwa, kuma yafiyar Naruto ita ce girmansa. Na yarda yafiya girma ce. Amma gari da ke sa yaro ya kusa mutuwa kafin ya ce masa ɗanmu ne bai cancanci yabo ba, kuma mu ma muna yin haka: ɗan da aka ƙi gaisawa da uwarsa, ranar da ya yi kuɗi ko ya samu muƙami sai a tuna ashe da dangantaka.

Waɗanda suka fara kallon Naruto suna 'yan firamare ko lakwal sun zama magidanta a daidai lokacin da iyakar ta fara cizo. A watan Agusta 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai 16 ga Disamba 2020, Illela na cikin huɗun farko tare da Seme da Maigatari da Mfum. Tun 2019 hare-haren 'yan bindiga suka kori dubban mutanen Sabon Birni da Isa zuwa jihar Maraɗi, wajen Gidan Rumji, suka zama 'yan gudun hijira a cikin danginsu. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa suka riƙa loda almajirai a motoci, kowa na mayar wa wani da nasa, kamar yaran ba su da gari sai wanda aka rubuta a takarda. Ran 26 ga Yuli 2023 sojoji suka kifar da Mohamed Bazoum, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Nijeriya ta yanke wa Nijar wuta, aka sake garƙame hanya har Maris 2024. Manyan motoci suka yi jerin gwano, albasa ta ruɓe, zumunci ya koma bin hanyar daji. A Janairu 2025 Nijar ta fice daga ECOWAS, ƙungiyar da kotunta ta share wa Hadizatu hawaye.

A irin wannan yanayi ne na ga Kushina ta fara samun masu tunawa da ita. A da uwar jarumi ce kawai. Amma ita ba 'yar Konoha ba ce: daga wata ƙasa aka kawo ta tana yarinya, yara suka riƙa tsokanarta da jan gashinta, garinsu kuma yaƙi ya shafe shi, danginta suka watse cikin duniya. Sunanta Naruto ke amsawa, ba na ubansa ba. Gidaje nawa ne a Illela, a Araba, a Kalmalo, da uwa ko kaka daga ƙetare ta zo? Ɗan irin wannan gida kan shiga ofis neman takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma ko katin ɗan ƙasa, a saurari karin harshensa a ce kai kamar ɗan Nijar ne. In ya ƙetara, jandarma ya dube shi ya ce ɗan Nijeriya. Masaniya Adeline Masquelier, wadda ta daɗe tana bincike a Dogon Dutsi, ta rubuta littafi guda a 2019 kan fadojin samarin Nijar, ta nuna yadda matashin da bai samu aiki ba, bai samu aure ba, ke samun wurin da ake lissafa shi a mutum a gefen butar shayi. A irin waɗannan wurare ne ake wannan gardama, kuma ba mamaki da ta yi tsawo.

Ƙannen waɗannan masu kallo ba su tsaya a Naruto ba. Boruto, labarin ɗansa, wanda ya tashi da uwa da uba da suna yana ƙorafin baba ba ya zama gida, bai shiga ran tsofaffin masu kallo ba. Wanda ya ja hankali shi ne Attack on Titan na Hajime Isayama, da aka zana daga 2009 zuwa 2021, katun ɗinsa kuma ya ƙare a Nuwamba 2023, iyakar Illela na rufe. A nan mutane ne cikin ganuwa, sun ɗauka su kaɗai suka rage a duniya, sai suka gano a ƙetaren teku akwai 'yan'uwansu na jini, an killace su a unguwa, an ɗaura musu ƙyalle a damtse, an koya musu cewa na cikin ganuwa shaiɗanu ne. Akwai Reiner, ruwa biyu, wanda ubansa ya ƙi amsa shi, aka tura shi leƙen asiri ya zauna da waɗanda aka ce maƙiyansa ne har hankalinsa ya rabu gida biyu. Akwai kuma Eren, jarumin labarin, wanda bai nemi kowa ya karɓe shi ba. Da ya ga duniya ta ƙi mutanensa, sai ya ɗaura niyyar tattake duniyar. Naruto ya yi shekara goma sha biyar a shafukan mujalla yana roƙon gari ya dube shi. Eren bai roƙa ba, kuma masu ba shi gaskiya a cikin matasa ba kaɗan ba ne. Wannan yana damuna ƙwarai, a jihar da 'yan bindiga a gabas da Lakurawa a Tangaza da Gudu ke neman irin yaran da suka riga suka yanke cewa ba su da rabo a gari.